A Ƙafa Daga Rabah Zuwa Goronyo

Gabashin Sakkwato ba ƙasar duwatsu ba ce. Wanda ya saba da tsaunukan Shere na Jos, ko ya taɓa hawa Mambila, idan aka nuna masa abin da mutanen Wurno ke ce wa dutse, dariya zai yi. Tudu ne shimfiɗaɗɗe mai marmara a ka, wanda ruwan damina ya daɗe yana zaizaya har ya bar masa gefe mai gangara da kwazazzabai. Sai dai ƙafa ba ta raina tudu. Ka goya kaya ka hau ka sauka, ka sake hawa ka sake sauka, tun hantsi har la'asar sakaliya, sannan ka zo mu yi gardamar ko dutse ne ko ba dutse ba.

A hunturun da ya biyo bayan zaɓen 2015 muka yi wannan tafiya, ni da wani abokina Basakkwace, malamin makaranta. Shirinmu shi ne mu tashi daga Rabah a bakin Gulbin Sakkwato, mu ƙetare tudun da ya raba shi da Gulbin Rima, mu sauka Wurno, sannan mu bi Rima mu yi gabas har madatsar ruwa ta Goronyo. A mota tafiyar rabin yini ce, har da tsayawa cin abinci. Mu mako guda muka ba ta. Asalin abin kuwa gardama ce. Na ba shi labarin Turawan da ke goya jaka su bi hanyar duwatsun Apalaciya ta Amurka, mai tsawon sama da kilomita 3,000, wata da watanni suna kwana a daji don nishaɗi kawai. Ya ce shi bai ga abin mamaki ba, kakansa da ƙafa ya je Makka ya dawo, fatake kuma sun shekara ɗaruruwa suna zuwa Gwanja ɗauko goro, ba wanda ya buga su a jarida. Na ce to, jikan mai zuwa Makka, kai ina ka taɓa zuwa da ƙafa? Nan magana ta ƙare, aka sa rana.

Kowa ya ɗauki jakar goyo: bargo, darduma, buta, tocila, galan na ruwa, garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari, dabino, kilishi, sai man kaɗanya saboda faso. Tanti kuwa abokina ya hana a saya. Ya ce a ƙasar nan wanda ya kafa tanti a bayan gari alhali ga zauren mai gari, ko dai taɓaɓɓe ne ko yana da abin ɓoyewa.

Rabah gari ne da sunansa ya fi shi girma. Nan aka haifi Sa Ahmadu Bello, Firimiyan Arewa, a 1910. Mahaifinsa Ibrahim shi ne Sarkin Rabah, kakansa kuwa Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, ɗan Muhammadu Bello, wanda ya yi sarauta daga 1873 zuwa 1877. Shi kansa Ahmadu Bello ya riƙe hakimcin garin tun daga 1934, bayan ya koyar a Midil ta Sakkwato, har zuwa 1938 da aka naɗa shi Sardauna aka tura shi Gusau. Baƙon da ya zo da tsammanin ganin garin Firimiya zai tarar da gari irin sauran garuruwan hakimai: katangun laka, rumbuna, awaki a kan titi. Ana yawan kafa hujja da wannan a ce Sardauna bai fifita garinsu ba. Haka ne, kuma abin yabo ne gare shi. Amma waɗanda suka biyo bayansa, suna cin abinci da sunansa tun 1966, ban ga hujjar da za su kafa ba.

Gulbi ya janye a lokacin, yashi ya fito fili, yara na tsallakawa da wando a hannu. Wani dattijo da muka tarar yana gyaran fangalin albasa ya nuna mana da sanda inda ruwa ke kaiwa a ƙuruciyarsa. Ya ce, "Tun da anka tare gulbi Bakolori, ruwa ba su malala hwadama kamar da." Madatsar Bakolori da ke kusa da Talata Mafara an gama ta a 1978, kuma manoman shinkafa na ƙasa da ita, daga Gandi zuwa Rabah, su ne suka rasa ambaliyar da ke kawo musu laka kowace damina. Ba wanda ya shawarce su a lokacin.

A Rabah aka fara yi mana tambayar da ta bi mu har ƙarshen tafiya. Shekarar ce aka yi yayin tattaki, tun da wani matashi ya taka daga Legas zuwa Abuja don murnar cin zaɓen Buhari, daga nan kowane ɗan siyasa ya sami mai taka masa. Saboda haka duk inda aka gan mu da jaka sai a ce, "Samari, don wa kuka tattaki?" In muka ce ba don kowa ba, sai a yi shiru a dube mu da tausayi. Wani mai shayi ya ba mu shawara tsakaninsa da Allah: tun da dai wahalar za mu sha, mu liƙa hoton wani a jaka, ko kuɗin motar komawa ma samu.

Mun bar garin bayan sallar asuba, hazo ya rufe gabas. Da farko gonakin gero ne da aka girbe, kara a tsaye, shanu na kala. Daga nan yashi ya ƙare, ƙasa ta yi tauri, aka shiga fako da jar tsakuwa. Itace ya koma sabara da geza da kalgo, sai aduwa jefi-jefi, wadda inuwarta ba ta isar mutum biyu. Ƙarangiya ta cika ƙafar wando. Marmara kuwa ba ta da mutunci, tana cin takalmi ta ƙasa tana mayar wa fuska da zafin rana. Hunturun Sakkwato ke nan: da asuba yatsa ba ya iya riƙe buta, da azahar ka rantse bazara ce.

A kan tudu ruwa ne sarki. Ƙauyukan can ba inda suka ga dama suka zauna ba, inda rijiya ta yarda suka zauna. Rijiyoyin kuma masu zurfi ne, wasu sai an ɗaura wa jaki ko raƙumi igiya ya yi nisa da ita kafin guga ya leƙo. Wanda ya tsaya ya ga tsawon igiyar nan a kwance a ƙasa ba zai ƙara wanke ƙafa da ruwan sha ba. Mu da muka auna tafiyarmu da kilomita a kan taswira, ba a jima ba muka koma auna ta da rijiya.

Wajen hantsi wasu matan Fulani suka cim mana, kowace da ƙwarya kan ƙwarya a ka, wata har da goyo. Suka gaishe mu, suka wuce, kafin mu kai ga wata kuka da muke hange sun ɓace. Masu bincike sun taɓa aunawa a Kenya, a 1986, suka ga matan can na ɗaukar kayan da ya kai kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinsu a ka, ba tare da jiki ya ƙara ƙona wani ƙarfi ba. Ban buƙaci awon ba, ga shi ina gani da idona, igiyar jaka na yankar kafaɗata, su kuwa gammo ne kawai da hira. Wani saurayi makiyayi da ya bi da mu ta burtali, sanda a wuya da gora a hannu, ya dubi jakunkunanmu ya ce, "Wanga kaya duk naku na? Ƙaura kuka yi?"

Shi ne kuma ya nuna mana abin da ba mu lura da shi ba. Burtalin da muke ciki, a wasu wurare shanu goma za su jera a cikinsa, a wasu wuraren kuwa gona ta matso daga dama, wata ta matso daga hagu, har saniya ɗaya ba ta wucewa sai ta taɓa shuka. Ya ce da damina nan ake faɗa, ba shekarar da ba a kai ƙara gaban hakimi. Ya faɗi maganar ba da zafi ba, ya juya ya bi dabbobinsa. A lokacin satar shanu ta riga ta yi ƙamari a Zamfara, amma a wannan yanki labari ne na rediyo.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a duk tafiyar shi ne kwana. Tsarin ɗaya ne ko'ina. Ka isa gari kafin magariba, ka tambayi ƙofar mai gari, ka yi sallama, ka tuɓe takalmi ka durƙusa: "Ranka shi daɗe, baƙi na, muna kan hanya." Sai a ce, "Maraba, ku zamna." Ruwa ne ke fara zuwa, sannan fura. Ba mai tambayarka daga ina, zuwa ina, sai an yi sallar isha'i, akushin tuwo da miyar kuka ya fito daga cikin gida, ka ci ka wanke hannu. Sannan mai gari zai gyara zama ya ce, "To, Malam, mi kuka biɗa?" A shimfiɗa muku tabarma a zaure, a kawo garwashi a kasko saboda sanyi, dattawa su zauna da rediyo har a gama labaran dare. Da safe kuma ba za a bar ku ku tafi haka nan ba, sai an kira yaro an ce ya raka baƙi har ya nuna musu turbar gari na gaba. Kuɗi kuwa, in ka miƙa wa mai gida ka ci mutuncinsa. Goro ko sukari, ko ɗan abin da za ka damƙa wa yaran gida, shi ne daidai.

A can hanyar Amurka da na ba abokina labari, fenti ake shafa wa itatuwa don kada matafiyi ya ɓata, a gina masa rumfunan kwana a daji. A nan ba fenti ba rumfa. Mutane ne alamar hanya, kuma su ne masauki. Mai gari ya miƙa ka ga yaro, yaro ya miƙa ka ga mai gari na gaba. Da wannan sarƙa fatake da alhazai da almajirai da 'yan cirani suka ratsa ƙasar Hausa, kuma ba a rubuce take a ofishin kowa ba.

A wani ƙauye kusa da Achida muka kai wa liman ƙarar junanmu a kan ƙasaru. Abokina ya ce tafiyarmu in an haɗa ta wuce mil 48 da Malikiyya suka ƙayyade, don haka raka'a biyu ta ishe mu. Liman bai kula da lissafin ba, ya ce, "Tahiyar taku ta mi ta? Hwatauci, ko biɗar ilmi, ko yawo?" In dai yawo ne na wasa, in ji shi, mu cika sallarmu. Abokina ya yi wuf ya ce ziyara za mu hubbaren Muhammadu Bello a Wurno. Liman ya yi murmushi ya ce to Allah shi ne masanin niyya.

Wurno daga tudu ake fahimtarta. Kana tafe cikin jar ƙasa da ƙaya, ba zato sai ƙasa ta yanke a gabanka, ka hango fadamar Rima a shimfiɗe, kore shar har iyakar ganinka, garin kuma na zaune a kan hancin tudu yana kallonta. Ko ba ka taɓa karanta tarihi ba za ka gane wanda ya zaɓi wurin nan mayaƙi ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, shi ya gina garin wajen 1830 ya mai da shi ribaɗi, ya bar Sakkwato ya tare a ciki. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi tun 1808, amma Gobirawa ba su ajiye makami ba, ga kuma Azbinawa daga arewa, kuma kwarin Rima shi ne ƙofar da duk mai son Sakkwato zai biyo. Bello ya zo ya zauna a bakin ƙofar da kansa. A nan ya rasu a 1837, a nan aka rufe shi, kuma wasu daga cikin sarakunan Musulmin da suka biyo bayansa, irin su ɗansa Aliyu Babba, a nan suka zauna.

Dabarar Bello ba ta tsaya ga ganuwa da dakaru ba. Ya jera garuruwan ribaɗi a bakin iyaka, irin su Gandi da Shinaka da Lajinge, ya ɗora 'ya'yansa da 'yan'uwansa a kansu. Ya jawo manoma da maƙera da masaƙa da marina, ya lallashi Fulani makiyaya su zauna wuri ɗaya su yi noma su sa yara karatu. A fahimtarsa daji ba ya tsaruwa da sintiri, sai an cika shi da mutane masu abin da za su yi asara. Zauren da muka kwana a cikinsa da yaron da ya raka mu, a ganina, jikokin wannan dabara ne.

Kada kuma a ɗauka zamanin nan lami lafiya aka yi shi. Dakta Barth, Bajamushen da ya yi yawon ƙasashen nan da sunan Abdulkarim, ya iso a 1853 ta dajin Gundumi, kuma ayarinsu yini da kwana suka yi suna tafiya ba zango, don tsoron Gobirawa. Ya tarar da Aliyu Babba a sansani a Gawasu yana shirin fita yaƙi, ya zauna Wurno makonni yana jiran dawowarsa, kuma abin da ya rubuta game da garin cike yake da labarin hari da fargaba. Shekara goma sha shida kacal ke nan bayan rasuwar Bello. Zaman lafiyar wannan kwari ba gado ba ne da ake ci a kwance, kowane zamani sai ya sake gina nasa.

Hubbaren ba shi da ƙawa, kuma hakan ya dace da mai shi. Mun tarar da masu ziyara, mafi yawansu mata tsofaffi, wasu daga ƙauyukan kusa wasu daga Nijar, sun zauna a inuwa suna jan carbi. Ganinsu ya tuna mini da 'yan taru. Nana Asma'u, ƙanwar Bello kuma matar Waziri Giɗaɗo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin da tsofaffin mata da 'yan mata ke tasowa daga ƙauyuka da ƙafa, jaji na gaba da malfa a ka, su zo wurinta su ɗauki karatu su koma su koyar. Ta irin turbobin da muka biyo suka riƙa zuwa, ba namiji mai kare su, ba jakar goyo.

Daga Wurno muka gangara fadama, duniya ta canza. Ƙarar injin ban-ruwa ta maye gurbin shirun tudu, iska kuma warin tafarnuwa take. Ƙasar Wurno da Goronyo na cikin manyan wuraren noman tafarnuwa da albasa a Nijeriya, ga alkama ga shinkafa. Jigo ya zama tarihi, yanzu bututu ake kafawa a ƙasa a ɗaura inji, mutum da 'ya'yansa su bi fangali ɗaya bayan ɗaya suna buɗe ruwa suna toshewa. Kukan manoman ɗaya ne duk inda muka tsaya: man inji da taki sun yi tsada, kuma kowa lokaci ɗaya yake cire albasa, sai farashi ya faɗi, dillali ya saye a wulaƙance. Mai hali ya zuba tasa a rudu ya jira damina, in ba ta ruɓe ba ya ci riba. Marar hali tun tana gona ya riga ya ci kuɗinta.

Tafiya a fadama ta fi ta tudu wuya, ko da yake ba hawa ba sauka. Hanya ba ta miƙewa, sai ka bi kunya ka kewaye gonar wani, ka tsallake magudana, ka faɗa laka har idon sawu. Da dare ga sauro, duk da sanyi. Inda gulbi ya tare mu mai fito ya ƙetarar da mu a kwale-kwale tare da babur da tumaki biyu, ya karɓi kuɗin babur ya ƙi karɓar namu, ya ce matafiyi da ƙafa ai abin taimako ne.

Kafin Goronyo muka sake hawa tudu a wajen Taloka, kuma a nan ne na ga abin da ya biya ni wahalata. Inda ruwa ya yanke gefen tudun, ƙasa ta fito hawa-hawa. A gindi farin yashi mai laushi wanda ke marmashewa a hannu, a samansa laka mai ruwan toka da wani farin dutse mai walƙiya a cikinta, irin wanda ake haɗa siminti da shi, can ƙoli kuma marmara. Masana ilmin ƙasa sun raɗa wa waɗannan hawa-hawa sunayen garuruwan yankin: na Taloka, na Dukamaje da ke ƙasar Gada, da na Wurno. Duk mai karatun ilmin ƙasa a jami'o'in Nijeriya sai ya haddace su. Abin da suka gano shi ne, kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce, teku ce a nan, wani hannu na ruwan gishiri da ya ratso Sahara ya malalo har ƙasar Sakkwato. Farar ƙasar Kalambaina da kamfanin siminti ke haƙa a bayan birnin Sakkwato ita ma ajiyar teku ce, ta wani zamani da ya biyo baya.

A cikin lakar nan ake samun haƙoran kifaye da ƙasusuwan kunkuru da kada da suka zama dutse. Wani masani ɗan Birtaniya mai suna Swinton ya bayyana ƙasusuwan wata babbar dabbar teku mai kama da ƙadangare daga wannan yanki a 1930. Daga baya masana daga jami'ar Fulorans ta Italiya suka zo suka tono ƙarin ƙasusuwa har da ƙoƙon kai, a 1972 suka raɗa mata suna Goronyosaurus. Yau duk littafin da ya yi bayanin irin waɗannan dabbobi, a kowace ƙasa, sai ya ambaci Goronyo. Yaran da suka biyo mu kan tudun sun san inda ake tsintar haƙoran, suna wasa da su, amma ba wanda ya taɓa gaya musu a makaranta cewa sunan garinsu na jikin wata dabba a gidan tarihi a Turai. Ba allo a bakin hanya, ba ɗaki ko ɗaya da aka ajiye samfuri. Wani dattijo da muka nuna wa haƙori ya juya shi a tafin hannu, ya ce shi bai ga abin musu ba, ai ruwan Ɗufana ba inda bai kai ba. Abokina ya buɗe baki zai kawo lissafin miliyoyi, na taka masa ƙafa.

Mun shiga Goronyo ranar Lahadi, ranar kasuwa. Buhunan albasa da tafarnuwa a jibge, kifi busasshe, raƙuma, Buzaye da rawani, manyan motoci na lodi zuwa Kudu. Muka ci shinkafa da wake a rumfar wata inna, wadda ta dubi ƙafafunmu ta ƙara mana cokali ɗaya ba mu roƙa ba.

Madatsar tana gabas da garin, tafiyar yini ga mai kaya. An gama gina ta a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992. Bango ne na ƙasa mai tsayin mita 21, tsawonsa in an haɗa sassansa kilomita 12 da rabi, an kuma tsara ta ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, don noman rani da kuma shan mutanen Sakkwato da garuruwan da ke ƙasa. Bayan kwanaki ana lissafin ruwa da galan, tsayawa a kan bangon nan ka ga ruwa har inda ido ya gaza abu ne mai sa mutum ya yi tasbihi. Masunta na ja da taru, kirinjijiya na tashi garke-garke. Amma mutanen ƙauyukan ƙasa da ita da tsoro suke ambatonta. A watan Satumba na 2010 ruwa ya fi ƙarfinta, ya share garuruwa irin su Kagara, ya cinye amfanin gona ana dab da girbi, ya yanke hanyar da ke zuwa Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Duk wanda muka zanta da shi a wannan yanki, da ambaliyar yake lissafin shekaru: an yi auren wane kafin ruwa, an haifi wance bayan ruwa. A 2018 kuma sai aka shiga akasin haka, ruwan ya ja baya har ya rage kusan kashi ɗaya cikin goma, ga yashi da laka da suka daɗe suna cike cikinta.

Daga nan muka hau motar haya, kafin la'asar muna Sakkwato, ƙafa a kumbure.

Na jinkirta rubuta wannan labari, kuma yanzu da nake rubuta shi hanyar ta rufe. A watan Yulin 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni a gundumar Gandi ta ƙaramar hukumar Rabah, suka kashe mutum sama da 30, dubbai suka gudu suka tare a Gandi. Ranar Lahadi 17 ga Oktoba, 2021, suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, wadda muka ci shinkafa a cikinta, gwamnatin jiha ta ce mutum 43 suka rasu. Dajin Gundumi ya koma abin da Barth ya tarar, hanyar da ta ratsa shi daga Marnona zuwa Isa direbobi sun daɗe suna gudunta. Akwai ƙauyukan da sai sun biya haraji ga 'yan bindiga kafin su girbe abin da suka shuka. Abokina ya ce yanzu baƙo biyu da jaka a baya, in suka yi sallama a ƙofar mai gari da magariba, ba ruwa za a fara kawo musu ba, 'yan sa-kai za a kira. Ban ga laifin mai gari ba.

Hukuma na auna tsaro da yawan sojojin da ta tura da bindigogin da ta ƙwato. Ina roƙon gwamnatin Jihar Sakkwato da Majalisar Sarkin Musulmi su ƙara da wani ma'auni: ko mace mai tallan nono za ta iya tashi daga rugarsu ta kai Achida ta dawo ita kaɗai, ko manomin Gandi zai kwana a gidansa. A fitar da burtali, a mayar da mutane garuruwansu, a zauna tare da su a bakin iyaka kamar yadda mai Wurno ya yi. Kai kuma mai karatu, in kana son ganin hubbaren Bello ko tudun Taloka, ka je da mota, da rana, ka tambayi mutanen gari halin hanya tun kafin ka bar Sakkwato. Tafiyar ƙafa a kan tudu kuwa, ka dakata da ita tukuna.